Wasiƙa Daga Greensboro: Tabarau Mai Kyamara Da Haƙorin Talaka

Ina yi wa kowa fatan alheri daga nan Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. Na san an kwana biyu ba a ji ɗuriyata a wannan shafi ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya ƙalau, sai dai hidimar ƙasar nan da ba ta barin mutum ya sosa ƙeyarsa. Yau ɗin ma ba don raina ya ɓaci ba da ban zauna rubutu ba, saboda haka duk wanda ya ji zafi a wasiƙar nan ya yi mini uzuri.

Makon jiya wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu Allah ya buɗa masa yana kwangilar kayan asibiti a wata jiha ta Arewa, ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp. A cikin bidiyon wani likitan haƙori ne sanye da wani abu a ka kamar rabin hular kwano, da 'yan kyamarori biyu a goshi, yana aiki a bakin mutum alhali kansa a miƙe yake kamar mai kallon talabijin. Sai murya ta biyo baya: "Mutumina, don Allah ka binciko mini kuɗin wannan tabarau. Guda 20 nake so. Mai girma zai buɗe sabon sashen haƙori, muna son abin da in an haska a labarai kowa zai san an zo da sabon abu." Na ce, "Alhaji, likitocin haƙori nawa ne a asibitin?" Ya ce bai ƙirga ba. Na ce, "Su suka ce suna so?" Ya fashe da dariya ya ce, "Kai dai Amurka ta ɓata ka. Yaushe aka fara tambayar likita kafin a ba da kwangila?"

Na gaya masa ba zan binciko ba, kuma na yi masa alkawarin zan rubuta dalilina. To ga shi nan. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan jihar ba, domin halin ba nasa ne shi kaɗai ba, namu ne.

Bari in fara wanke kaina, kada a ce baƙauye ne mai tsoron sabon abu. Ni ba likita ba ne. Abu biyu suka haɗa ni da ɗakin likitan haƙori: bakina, da aikin tafinta da nakan yi wa 'yan uwanmu mutanen Nijar, waɗanda suke da yawa a garin nan, idan za su ga likita. A bakina akwai gurbi biyu, duka a gida aka cire su. Na biyun ba zan manta ba, domin muna tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, wata ma'aikaciya ce ta riƙe tocila tana haska wa likitan. Ban riƙe shi a zuciya ba ko kaɗan. Mutumin kirki ne, abin da idonsa ya iya gani da shi ya yi aiki. Turmi na uku da ya tashi ciwo, a nan ya same ni. Likitar da ta duba ni tana sanye da tabarau mai wasu 'yan bututu biyu manne a jikin gilashin, da 'yar fitila a tsakanin girarta. Ta daɗe tana tono, can na ji ta ce wa mataimakiyarta ta samu. Da aka gama na tambaye ta me ta samu, ta ce hanya ta huɗu. Haƙorin yana bakina har yau, da shi nake tauna ƙuli-ƙulin da ake aiko mini.

Wannan hanya ta huɗu ita ce ginshiƙin maganata, don haka mai karatu ya yi haƙuri in ɗan bayyana ta. A cikin kowane haƙori akwai 'yan siraran hanyoyi da jijiya take bi zuwa ƙarshen saiwa. Idan ruɓa ta kai can, abu biyu ne: ko a cire haƙorin, ko a buɗe shi a wanke hanyoyin nan tas a cike su. Turmin sama na farko saiwarsa uku, kuma an daɗe ana ɗaukar hanyoyinsa ma uku ne. Ashe a bakin mafi yawan mutane akwai ta huɗu, a ɓoye, bakinta bai kai kafar allura ba. Idan likita bai gan ta ba ya rufe haƙorin, ƙwayoyin cuta suna nan a ciki, bayan watanni ciwo ya dawo, ƙarshenta dai a cire. Lafiyayyen idon ɗan Adam ba ya iya rarrabe abubuwa biyu idan tazararsu ta gaza kusan kashi 1 cikin 5 na milimita, kuma da mutum ya haura shekara 40 ganin kusa yakan fara ja da baya. Ke nan likita mafi ƙwarewa, wanda ya shekara 20 yana aiki, shi ne idonsa ya fi buƙatar taimako.

Saboda haka duk wanda ya ce na'urar ƙara girman gani kayan alatu ce ga likitan haƙori, bai san abin da yake faɗa ba. A nan ni da Alhaji bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne wace na'urar, don wa, kuma da kuɗin wa.

Na'urorin nan hawa-hawa ne kamar tsani. A matakin farko akwai tabarau na gilashi zalla, irin na likitata. Mai sauƙin cikinsu yana ninka girman abu sau 2 zuwa 3 da rabi, kuma tsarin gilasansa irin na madubin hangen nesa ne da Galileo ya haɗa a 1609, shi ya sa har yau da sunansa ake kiran sa. Akwai mai ɗan nauyi da ke kaiwa sau 6 ko fiye. Babu waya a ciki, babu manhaja, fitilar goshin ce kaɗai take son batir. Sama da shi akwai babban madubin likita mai hannu, wanda ake kafewa a bango ko a tura a kan taya, yana kaiwa sau 20 ko fiye. Wani likitan kunne ɗan ƙasar Suwidin, Carl Olof Nylén, shi ya fara tiyata da madubi a 1921, kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da wanda ya yaɗu a asibitoci a 1953, kuma tun 1998 a ƙasar nan ba a yaye ƙwararren likitan jijiyar haƙori sai ya koyi aiki da na'urar ƙara girma. Sai matakin da ya zo a baya-bayan nan, wanda ya tsole wa Alhaji ido: tabarau mai lantarki. Shi wannan ba haƙorin kake kallo kai tsaye ba. Kyamarori biyu ne suke ɗaukar hoto, 'yar kwamfuta ta sarrafa shi, sannan a nuna maka a wasu ƙananan alluna biyu da ke gaban idanunka. Akwai irin su NuLoupes na kamfanin NuEyes na Kalifoniya, akwai kuma Beyeonics da ake tiyatar ido da shi.

Yanzu ga lissafin da nake so duk mai riƙe da alƙalamin kuɗin asibiti ya haddace. A 2002 wasu masu bincike, Buhrley da abokan aikinsa, sun buga sakamako a mujallar ƙwararrun likitocin jijiyar haƙori ta Amurka, inda suka duba sau nawa ake gano hanyar nan ta huɗu a turmin sama na farko. Masu aiki da ido zalla sun gano ta a kashi 17 cikin 100. Masu tabarau na gilashi, kashi 62 da ɗoriya. Masu babban madubi, kashi 71. A sake duba lambobin nan da kyau. Daga ido zalla zuwa tabarau mai sauƙi an yi tsalle na maki 45. Daga tabarau zuwa madubin da kuɗinsa ya ninka nasa sau da yawa, abin da aka ƙara bai kai maki 9 ba. Gaskiya ne binciken bai haɗa da tabarau mai lantarki ba, don a lokacin babu shi a kasuwa. Amma darasin a fili yake: kusan duk ribar tana matakin farko na tsanin. Mu kuwa yawancin masu duba bakin talakawanmu ko matakin farkon ba su taka ba, sai ga mu muna neman a ɗora mutum 20 a ƙololuwa don a haska su a labarai.

Ba zan zalunci tabarau mai lantarki ba, yana da amfaninsa na gaske. Ciwon wuya da na baya su ne cutar sana'ar likitan haƙori, saboda yini yake yi a sunkuye, wasu ma ciwon ne yake sa su ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsu. Idan kyamara ce take kallon ƙasa, likita sai ya zauna a miƙe. Yana iya ƙara girma ko ragewa ba tare da ya canza tabarau ba. Yana iya naɗar aikin, ya nuna wa mai haƙorin, gani ya kori ji. Babban amfaninsa a wajena shi ne koyarwa: ɗalibai goma su zauna gaban allo suna ganin ainihin abin da malaminsu yake gani, maimakon su yi cincirindo a bayansa suna leƙen ƙeyarsa. Duk wannan na yarda da shi.

To amma a juya ɗaya gefen. Duk abin da ya bi ta kyamara da kwamfuta kafin ya iso ido yana da ɗan jinkiri, komai ƙanƙantarsa, kuma kamfanonin da kansu a kan rage shi suke gasa. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne, idan ka matsa ƙara girma fiye da ƙarfin kyamarar, ɗigon ne yake girma, ba a ƙara maka komai ba. Nauyinsa ya fi na gilashi. Idan batir ya mutu, ko manhaja ta sandare, likita ya koma makaho da na'urar huda haƙori tana juyawa a bakin mutum. Tabarau na gilashi kuwa ko fitilarsa ta mutu gilashin yana nan yana aiki. Shi ma ciwon wuyan an samo masa magani ba tare da lantarki ba, domin yanzu akwai tabarau na gilashi mai lanƙwasa haske, likita yana kallon gaba yana ganin ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gajeren ran waɗannan kaya. Wa ya tuna Google Glass? A 2013 likitoci sun yi ta tiyata da shi a fuska ana watsawa kai tsaye, jaridu suna cewa ga makomar aikin likita. A watan Maris na 2023 Google ya daina sayar da shi, bayan wata shida ya daina kula da manhajarsa. Microsoft ma ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024, bayan asibitoci da makarantun likitanci da dama sun zuba kuɗi a kansa. Waɗannan fa su ne giwayen duniyar fasaha. Idan giwa ta iya juya wa kayanta baya, ina ga ƙaramin kamfanin da bai shekara goma ba? Asibiti a nan idan haka ta faru sai ya share hawaye ya sayi wani. Asibitin jiha a gida fa? Sai a kai sito, ƙura ta rufe, a jira wani mai girman da wata kwangilar.

Kuma kada a ce zato nake yi. Tafiyar kusan awa ɗaya ce daga nan zuwa Durham, inda Jami'ar Duke take. Wani malaminta, Robert Malkin, injiniyan kayan asibiti, shi da Lora Perry sun buga bincike a 2011 bayan sun duba bayanan na'urori fiye da 112,000 a asibitocin ƙasashe 16 masu tasowa. Kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka samu su ne rashin horar da ma'aikata, rashin tsarin kula da kaya, da rashin abubuwan da na'ura take dogara a kansu irin su wuta. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti a gida ya san ɗakin nan da ake kullewa, wanda in ka leƙa ta taga za ka ga na'urori lulluɓe da leda, wasu ko kwalinsu ba a gama cirewa ba. Kowace ɗaya a cikinsu akwai ranar da aka yanka mata kirtani, aka yi tafi, aka ci shinkafa.

Akwai wani darasin kuma da garin nan da nake zaune ya koya mini, wanda ya fi na na'ura girma. A harabar tsohuwar kotun gundumar Guilford, a tsakiyar Greensboro, akwai mutum-mutumin wani baƙar fata mai suna George Simkins. Baƙi da yawa sun fi sanin garin nan da labarin ɗalibai huɗu na jami'ar A&T da suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi. Shi Simkins likitan haƙori ne, kuma shugaban ƙungiyar NAACP ta garin. Wata rana wani majinyacinsa ya zo da ƙurji a gindin haƙori da zazzaɓi mai zafi, yana buƙatar gado. Asibitin baƙaƙe na L. Richardson a cike yake. Manyan asibitocin garin biyu, Moses Cone da Wesley Long, ba su karɓe shi ba saboda launin fatarsa, alhali da kuɗin gwamnatin tarayya na dokar Hill-Burton ta 1946 aka taimaka wajen gina su. A 1962 Simkins da wasu likitoci da majinyata suka kai ƙara. Suka faɗi a kotun farko, suka ci a kotun ɗaukaka ƙara a watan Nuwamba 1963, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sake duba hukuncin a watan Maris 1964. Wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka karya wariyar launin fata a asibitocin kudancin Amurka. Sai a 2016 hukumar Cone Health ta fito ta nemi afuwa a gaban Dakta Alvin Blount, wanda a lokacin shi kaɗai ya rage a raye cikin masu ƙarar.

Dalilin kawo wannan labari shi ne, asibitocin da suka mayar da majinyacin nan su ne suka fi kowa kayan aiki a garin. Kayan ba su amfane shi da komai ba, tunda ƙofa a rufe take. Tambayar da Simkins ya yi ita ce tambayar da ya kamata a fara yi wa kowace naira da za a kashe a asibiti: bakin mutum nawa za ta kai? Kuma kada mu ɗauka Amurka ta gama amsa ta. Inshorar Medicare ta tsofaffi har yau ba ta biyan kuɗin gyaran haƙori na yau da kullum. Jihar nan sai a ranar 1 ga Disamba 2023 ta faɗaɗa inshorar marasa ƙarfi ta Medicaid, kuma ko kana da katin, samun likitan haƙorin da zai karɓa wani aiki ne, na sha buga waya ina nema wa mutanenmu. Idan ƙungiyar likitocin haƙori ta jihar ta shirya aikin kyauta na kwana biyu a wani gari, tun cikin dare ake kafa layi. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland, Deamonte Driver, ya rasu saboda ruɓar haƙori ta haura ƙwaƙwalwarsa, tafiyar 'yan mintoci daga fadar gwamnatin ƙasar. A ƙasar da ake ƙera tabarau mai kyamara ke nan. Wanda yake ganin sayen na'urar Amurka shi ne zama kamar Amurka, to ya sani har da wannan ɓarakar yake kwaikwayo.

Mu koma gida. Mutane fiye da miliyan 200, likitocin haƙori ba su wuce 'yan dubbai ba, yawancinsu a manyan birane, wasu kuma suna nan tare da mu a ƙasashen waje. Bakauye idan haƙori ya hana shi barci, kanamfari ne da gishiri da man zafi, in ta ƙi sai mai cire haƙori na kasuwa. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka kafa tun 1999 don cutar nan da ake kira noma, wadda ba ta da alaƙa da gona: ciwo ne da yake farawa daga dasashin ƙaramin yaro mai fama da yunwa, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a can tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba 2023. Idan aka gan ta tun tana dasashi, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Abin da yaron nan yake buƙata shi ne wani ya buɗe bakinsa da wuri, da haske mai kyau, ya san abin da yake kallo. A yankin da ake wannan ne za a sayi hular kyamara guda 20?

Na san abin da za a ce, domin Alhaji ya riga ya faɗa mini: "Wato kai kana can kana jin daɗin na'ura, mu mu zauna a baya?" Amsata ita ce, na'urar da ta ceci haƙorina ta gilashi ce, fasaha mai shekara 400. Likitocin da nake shiga ɗakunansu da aikin tafinta a garin nan, abin da nake gani a fuskarsu ke nan, har da masu wankin haƙori. Ɗalibin likitan haƙori a nan tun a farkon karatu ake auna masa tabaransa, ya saba da shi kafin ya taɓa bakin mutum. Su da suke da wuta dare da rana, da injiniya a bakin waya, ba su yi rububin hular kyamara ba, suna jira su ga kamun ludayinta. Mu da ba mu gama da man janareta ba mu ne za mu riga su? Wannan ba ci gaba ba ne, sayen rawani ne ga wanda ba shi da wando.

To me nake so a yi, tunda suka ba ta da wuya? Na farko, duk ɗalibin da ya kai matakin taɓa majinyaci a tsangayar haƙori ta Jami'ar Bayero, ko ta Jami'ar Maiduguri, ko wata, a auna shi a ba shi tabarau na gilashi da fitilar goshi, ya zama nasa kamar yadda abin sauraron ƙirji yake na ɗalibin likita. Na ce a auna, domin tabaran nan sai an daidaita shi da tazarar idanun mutum da nisan da yake aiki. Na bogi da ake sayarwa a intanet da arha, wanda gilasansa biyu ba sa kallon wuri ɗaya, ciwon kai yake sawa, a jefar da shi cikin mako guda. Kada ɗan kwangila ya ji na ce gilashi ya ruga ya ciko kwantena da tarkace. Na biyu, ma'aikatan haƙori na manyan asibitocin ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suke ganin talaka, su ma a ba su, da batir da ake iya cajinsa da hasken rana. Irin wannan tunani ba sabo ba ne: a Jami'ar St Andrews ta Sukotlan an ƙera wata 'yar na'urar duba ido da kunne mai suna Arclight, girmanta kamar alƙalami, hasken rana yake caja ta, an yi ta ne musamman don wuraren da babu wuta. Na uku, kafin a sa hannu a kowace takarda, a zauna da likitocin da za su yi aikin a tambaye su me ya fi damun su. Ina da yaƙinin za a ji maganar kujerar da ba ta tashi, da tukunyar dafa kayan aiki, da na'urar hoton haƙori, da allurar kashe zafi, kafin a ji maganar kyamara. Na huɗu, idan an gama waɗannan kuma kuɗi ya ragu, a sayi tabarau mai lantarki ɗaya ko biyu a kai asibitin koyarwa, inda amfaninsa yake, tare da yarjejeniyar gyara a rubuce da injiniyan da aka horar.

Mu ma mazauna waje ba mu fita ba. Sau nawa ƙungiyoyinmu suke tara tsofaffin na'urorin da asibitocin nan suka yar, a loda a kwantena, a ɗauki hoto, a aika gida ba littafin bayani, ba kayan gyara, wata ma wutar da take ci 110 ce alhali tamu 230? Da kuɗin dakon kwantena ɗaya aka sayi tabarau masu kyau aka raba wa ɗaliban aji guda, da kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin kowane ɗaya daga cikinsu zai shekara da shekaru yana duba bakin jama'a da shi.

Na tura wa Alhaji waɗannan shawarwari a taƙaice kafin in rubuta su a nan. Ya saurara har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma tabarau na gilashi ba ya kyau a hoto." Na gode masa da bai ɓoye mini ba. Ni dai na gaya masa, duk ranar da haƙori ya tashe shi da tsakar dare, ya tuna a asibitin da ya cika da kayan hoto za a fara kai shi kafin a samo masa biza.

Likitocin haƙori da ma'aikatan da suke karanta shafin nan daga gida, ina roƙon ku rubuto ku gaya mini abin da kuke aiki da shi da abin da kuka rasa. Idan na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini, zan buga gyaran kamar yadda kuka aiko. A gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku,
daga Greensboro.